Yadda banki ya ƙwace gidan da muke haya a Shikago

In ana maganar rikicin bashin gidaje da aka yi a Amurka wajen 2008 yawancin mutane masu gidaje kawai suke tunawa, wato wanda ya ci bashin banki ya sayi gida ya kasa biya aka ƙwace. To mu da ba mu ci bashin kowa ba fa? Ni ɗan haya ne, ban taɓa sa hannu a takardar wani banki ba, wata bai taɓa kamawa ban biya kuɗin haya ba, amma sai da na yi kusan shekara guda ban san takamaimai waye mai gidan da nake kwana a ciki ba, kuma wallahi wannan rashin sanin shi ne kasuwar da kowa ya ci a kanmu, daga lanlod ɗin har ɗan aiken banki har 'yan damfara na kan titi.

Lokacin ina tuƙin tasi a Shikago, ni da uwargida da yara biyu muna zaune a arewacin gari wajen Rogers Park, ba nisa da titin Devon inda ake samun naman halal da kayan miya. Gidan irin tsoffin gine-ginen bulo ne masu hawa uku da suka cika garin, kowane hawa fulat ɗaya, sai wani ɗan ɗaki a ƙasa kusa da boila, wato tukunyar da ke ɗumama gidan. Mu muna hawa na biyu, dala 850 a wata, kuma da za mu shiga a 2007 na ajiye wata dala 850 ɗin a matsayin difozit. Lanlod ɗin ba a gidan yake zaune ba, mutum ne mai fara'a, ya sayi gidaje da yawa da bashi lokacin da bankuna ke ba da rance kamar ba gobe, irin rancen da ruwansa ke farawa kaɗan sai bayan shekara biyu ya yi tsalle. Duk wannan daga baya na sani, a lokacin ni dai moni oda, wato takardar biyan kuɗi mai kama da cak, nake saya duk farkon wata in ba shi in ajiye ɗan guntun rasit ɗin a cikin wata tsohuwar gwangwanin biskit da uwargida ke zuba allura da zare.

A watan Satumba na 2008 ne bankin Lehman Brothers ya durƙushe, gwamnati kuma ta karɓe Fannie Mae da Freddie Mac, manyan kamfanonin bashin gidaje, duk fasinjan da ka ɗauko daga tsakiyar gari maganar kenan. Sai a watan Oktoba na ji a rediyon mota cewa sherif na gundumar Cook da Shikago ke ciki, Tom Dart, wanda ofishinsa ke aiwatar da umarnin kotu, ya ce ya dakatar da fitar da mutane daga gidajen da banki ya ƙwace, dalilinsa shi ne jami'ansa suna zuwa da umarnin kotu su tarar da 'yan haya da ke biyan kuɗinsu daidai kuma ba wanda ya taɓa gaya musu ana shari'a a kan gidan. Maganar ta taso ne daga wasu 'yan haya a Albany Park, unguwar da nake bi kusan kullum. Bai daɗe ba ya ci gaba da aikin bayan kotu ta yarda sai bankuna sun nuna shaidar sun sanar da mutanen da ke ciki. Na ji labarin na ce Allah sarki, na ci gaba da tuƙina.

Wajen watan Maris na 2009 wasiƙu suka fara taruwa a bakin ƙofar shiga, ba a akwatin kowa ba, a ƙasa kan tabarmar goge ƙafa. Wasu da sunan lanlod, daga lauyoyi da masu cewa za su ceto masa gida in ya biya su, wasu kuma an rubuta a bayansu zuwa ga mazauna gidan da ba a san ko su waye ba. Uwargida ce ta ɗauko ɗaya ta ce "Malam, wannan fa kamar da mu ake, duba ka gani." Na buɗe na ga tambarin kotu da lambar shari'a da sunan wani banki da ban taɓa ji ba. Na kira lanlod a take, ya yi dariya ya ce ƙaramar matsala ce ta takardu, yana kan gyara tsarin biyan bashin da banki, in kwantar da hankalina. Har ya ce in na sabunta agirimen a watan Mayu ba zai ƙara min ko sisi ba.

Akwai wani dattijo ɗan Kumasi da muke haɗuwa a masallaci ranar Juma'a, ya fi shekara talatin a garin, kowa Alhaji yake ce masa. Da na nuna masa takardar ya ɗaga ta nesa da idonsa ya karanta, ya ce "Ɗana, kar ka tambayi mai gida, kar ka tambayi banki, je ka tambayi takarda." Shi ya koya min hanyar, kuma ba ta da wuya, kuɗin fakin ne kawai ke da ciwo. Kowane fili a gundumar Cook yana da lambarsa, za ka samu a shafin ofishin da ke ƙiyasta harajin gidaje in ka sa adireshi. Da wannan lambar sai ka je ofishin rajistar takardun filaye da ke ginin gunduma a titin Clark, a lokacin ofishin gunduma ne da ke tsaye shi kaɗai, a 2020 ne aka haɗe shi da na akawun gunduma. Nan za ka ga sunan mai gidan na gaskiya, da duk bashin da aka jingina gidan a kai, da sanarwar da banki ke sakawa in ya shigar da ƙara. Daga nan ka tsallaka titi zuwa Daley Center inda kotun take, dogon ginin nan mai tsatsa da ke da gunkin ƙarfe na Picasso a gabansa, ka sa lambar shari'ar a kwamfutar da aka ajiye wa jama'a.

Abin da na gani shi ne bashi biyu a kan gidan, ba ɗaya ba, kuma an shigar da ƙarar tun a 2008, wato duk watannin da nake kai masa moni oda shi ya riga ya daina biyan banki, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. A jihar Ilinoi, inda Shikago take, sai an bi ta kotu kafin a ƙwace gida, ba kamar wasu jihohin da banki ke yin gwanjo ba tare da alƙali ba, don haka abin yana ɗaukar lokaci, sai an yanke hukunci, a ba mai gida wa'adi, a yi gwanjo, sannan alƙali ya sake zama ya tabbatar da cinikin. A duk tulin takardun nan babu sunana ko na maƙocina na sama, a wajen kotu gidan kamar kango ne.

Raina ya ɓaci, na ce daga yau ba zai sake ganin kobona ba. Alhaji ya ce a'a, ya ba ni lambar Metropolitan Tenants Organization, wata ƙungiyar kare 'yan haya, su kuma suka haɗa ni da lauyoyin Lawyers' Committee for Better Housing da ke taimaka wa 'yan haya kyauta. Lauyar da na samu yarinya ce ƙarama amma ta san aikinta, ta ce abin da nake shirin yi shi ne ya fi kai mutane ƙasa, don matuƙar alƙali bai tabbatar da gwanjo ba ko bai naɗa wani mai kula da gidan ba to lanlod ɗin nan shi ne mai gida a doka, in na ƙi biya zai iya maka ni a kotu a kan bashin haya kuma zai ci, sunana ya shiga rajistar waɗanda aka kora, duk inda na je neman gida a ga wannan tabon. Abin da ɗaci amma haka na ci gaba da biyan mutumin da na san yana cinye kuɗin. Ta ce in tara komai, agirimen, rasit, takardar wuta mai sunana da adireshin, in yi hoto in ajiye kwafi a wani wuri daban.

Ana cikin haka a ranar 20 ga Mayu 2009 Obama ya sa hannu a dokar kare 'yan haya a gidajen da aka ƙwace. Kafin wannan dokar a jihohi da yawa da zarar an yi gwanjo agirimen ɗinka ya mutu, ana iya ba ka 'yan kwanaki a ce ka fita. Dokar ta ce dole sabon mai gida ya ba ɗan haya sanarwar kwana 90 a ƙalla, in kuma kana da agirimen na gaskiya a bar ka ka ƙarasa wa'adinsa, sai dai in wanda ya saya shi da kansa zai zauna a ciki, nan ma sai ya ba ka kwana 90 ɗin. Amma akwai sharaɗi, kar ka zama ɗa ko mata ko miji ko iyayen wanda ya ci bashin, kuma kuɗin hayarka kar ya yi ƙasa sosai da yadda ake haya a unguwar. Kun ga inda rasit ya zama abin so kenan. Maƙocina na sama ɗan Meziko ne, mai gyaran rufi, hannu da hannu yake ba da kuɗi ba rubutu ba komai, sai da muka sha wahala kafin aka haɗa masa wata shaida daga takardun cire kuɗinsa na banki. Ni kuma tawa matsalar daban, na sabunta agirimen ɗin ne bayan an riga an shigar da ƙara, lauyar ta ce lauyoyin banki za su ce bai ƙirgu ba, don a lokacin ana gardama a kan daga wace rana ake lissafi, sai a 2010 dokar Dodd-Frank ta gyaran harkar bankuna ta fayyace cewa daga ranar da gidan ya koma hannun sabon mai shi ne. Ta ce in riƙe kwana 90 a matsayin abin da ba mai taɓa min, sauran kuma a yi ciniki.

Abin da ya fi tsaya min a rai a duk wannan shekarar ya faru ne a ƙarshen bazara. Na dawo daga aikin dare da asuba na ga wata ƙaramar motar kaya a lungun baya, wata mata 'yar Habasha da ɗanta suna sauke katifa zuwa ɗakin ƙasa. Lanlod ya ba ta haya, ya karɓi kuɗin wata ɗaya da difozit, alhali ranar gwanjo ta riga ta fito a fayil ɗin kotu, saura 'yan makonni. Bai ɓoye fuskarsa ba, bai yi amfani da sunan ƙarya ba, gidansa ne a takarda, amma ku gaya min meye bambancinsa da ɗan damfara. Uwargida ce ta sauka da shayi ta zaunar da ita ta yi mata bayani da ɗan turancin da suke da shi su biyun, matar ta yi shiru tana ta juya makullin a hannu, makulli ɗaya ne tak a jikin zaren roba ja, ta ce ai jiya-jiya ta bar ɗakin da take.

Da sanyi ya fara shigowa a Oktoba sai ga jar takarda a jikin ƙofa daga kamfanin gas, za a yanke saboda bashi. Boilar gidan ɗaya ce, mitar da sunan lanlod, shi kuma wayarsa ta daina shiga kwata-kwata. Dokar birnin ta ce daga 15 ga Satumba zuwa 1 ga Yuni dole mai gida ya ba da ɗumi, da rana digiri 68 a ma'auninsu, wajen 20 kenan a namu, amma doka ba ta kunna boila. Mun kira 311, lambar kai koke ta hukumar birnin, mun kai ƙara, lauyar kuma ta ce dokar jiha ta ba mu dama mu biya kamfanin da kanmu mu cire daga kuɗin haya, haka muka yi karo-karo mu uku, muka rubuta wa lanlod wasiƙa ta gidan waya mai rasit duk da mun san ba mai karanta ta.

Bayan gwanjo, wanda bankin da kansa ya saye don ba wanda ya taya, sai muka shiga wani irin zama na ba a san maci tuwo ba. Lanlod ya ɓace, banki bai turo kowa ba, shara ta taru, ba mai kwashe dusar ƙanƙara a bakin ƙofa sai ni da maƙocina. A nan ne wani ya zo ranar Asabar da safe, sanye da jaket mai kyau da allon rubutu a hannu, ya ce shi wakilin sabon kamfanin da ke kula da gidan ne, daga wannan watan shi za a dinga ba kuɗin haya, tsaba ko moni oda da ba a rubuta sunan kowa ba. Ya san sunan lanlod, ya san sunan bankin, har lambar shari'ar ya karanto min, abin da ya sa mutum zai yarda kenan, amma duk wannan a buɗe yake ga kowa, kwamfutar da na duba ita shi ma ya duba. Na ce "Yallaɓai, ba damuwa, ba ni kwafin umarnin alƙali da lambar lauyan banki in kira su ranar Litinin." Ya ce zai ɗauko a mota. Har yau yana ɗaukowa.

Na fara neman wani gidan tun kafin a ce min in tashi, kuma a nan na ga yadda kasuwar ta ruɓe. A shafukan talla na intanet za ka ga fulat mai ɗaki uku da hotuna masu kyau a rabin kuɗin unguwar, ka tura saƙo, amsa ta zo da dogon labari cewa mai gidan ya tafi aikin mishan a Afirka ta Yamma, ba kuɗi ne damuwarsa ba mutumin kirki yake nema, ka je ka leƙa ta taga ka gani, in ya yi maka ka tura difozit ta kamfanin aika kuɗi zai aiko da makulli. Ɗaya har lambar waya ya sa mai farawa da 234. Na zauna a mota ina kallon lambar ƙasata, ban san dariya zan yi ba ko me, ga shi dama in ka ce wa mai gida kai ɗan Najeriya ne sai ya sake kallonka. Hotunan kuwa daga tallan gidajen da bankuna suka sa a kasuwa suke kwafowa.

Wannan mai sauƙi ne, wanda ya fi haɗari shi ne mai makulli a hannu. Wani abokin aikina ɗan Nijar haka aka yi masa a kudancin gari. Gidan da banki ya ƙwace ya zauna ba kowa, wani ya fasa ɗan akwatin ƙarfen da dillalai ke ratayawa a ƙofa, ya canza kwaɗo, ya cire allon sayarwa, ya zagaya da shi ɗaki-ɗaki har yana ba shi haƙuri a kan famfon da ke ɗiga, suka sa hannu a agirimen irin wanda ake saya a shagon kayan ofis, ya karɓi dala 1,800. Ya tare da iyalinsa, bai cika wata biyu ba dillalin banki na gaskiya ya zo da 'yan sanda. Dokar kwana 90 ba ta cece shi ba don wanda ya ba shi hayar ba shi da alaƙa da gidan ko ta anini, Allah ya sa ma ba a kama shi da laifin shiga gidan mutane ba.

A watan Janairu na 2010 ɗan aiken banki na gaskiya ya iso, dillalin gidaje ne da aka ba kwangila, wannan kam lauyarmu ta tabbatar da shi. Ya liƙa takarda a ƙofa mai cewa gidan na banki ne yanzu, mu kira cikin gaggawa. Da na kira ya ce za su ba ni dala 1,000 in na ba da makulli cikin mako biyu, in ba haka ba sherif zai zo ya fitar da kayana kan titi kuma ba zan samu komai ba. Ko kalma ɗaya bai faɗa a kan kwana 90 ba. Ba na ce ƙarya ya yi kai tsaye ba, zaɓar abin da zai faɗa ya yi, kuma na san da yawa a kan wannan maganar suka kwashe yara cikin sanyin Janairu. Lauyar ta rubuta wa lauyoyin banki wasiƙa da sunayenmu duka, da kwafin agirimen da rasit, ta ambaci dokar, sai ga sanarwar kwana 90 ta zo a rubuce, muryar dillalin ma ta canza, ya koma kirana mista. Mun tsaya a kan zan tashi ƙarshen Afrilu, su ba ni dala 2,500, in bar gidan a share ba tarkace. Ta hana ni sa hannu a takardar farko da suka aiko don akwai layin da ke cewa na yafe duk wani haƙƙi har da difozit, an yi ta ja, a ƙarshe dai layin ya zauna aka ƙara kuɗin, tunda a lokacin dokar birnin ba ta ɗora wa bankin da ya ƙwace gida nauyin difozit ba, a cikin 2010 ɗin ne majalisar birni ta gyara wannan, mu ba mu ci moriyarsa ba.

Gidan da muka koma sai da na nemo lambar filinsa na duba sunan mai shi, na ce ya nuna min lasisin tuƙinsa na gwada da abin da ke takarda, na duba ko akwai ƙara a kansa a kotu. Tsohon ya ɗan ji haushi da farko, da na ba shi labari ya ce shi ma 'yarsa haka aka yi mata a Filorida. Ranar tashi dillalin banki ya zo ya buɗe firij ya leƙa, ya duba bayan ƙofofi, ya ce in sauke wata tsohuwar kujera da na tarar a baranda tun shigowata, na sauke, sannan ya ciro cak daga aljihu da hannu ɗaya ya miƙo ɗayan yana jiran makulli.

Daga baya abubuwa sun ɗan gyaru. A 2013 Shikago ta yi dokar da ta ce wanda ya mallaki gida ta hanyar ƙwace ko dai ya sabunta wa ɗan haya agirimen da ƙarin da bai wuce kashi 2 cikin 100 ba ko ya biya shi dala 10,600 na tashi. Ita dokar tarayya ta kwana 90 wa'adinta ya ƙare a ƙarshen 2014, aka zauna ba ita sai a 2018 aka dawo da ita ta dindindin. Matar ɗakin ƙasa kuwa ba ta samu ko rabin abin da muka samu ba, da suka bincika ashe ɗakin nata ba shi da izinin zama fulat tun asali, dala 500 suka ba ta, ta koma wajen wata 'yar uwarta a unguwar Uptown tun kafin sanyi ya wuce.